Tai Chi: Abin Da Yake Yi Wa Ƙwaƙwalwa Da Jiki, Ba Irin Na Cikin Fim Ba

Duk wanda ya kalli Tai Chi Master na 1993 ba zai manta wurin nan da Jet Li ya tattara ganyen bishiya a iska ya dunƙule shi kamar ƙwallo ba. Yuen Woo-ping ne ya ba da umarnin fim ɗin, wato mutumin da daga baya ya tsara faɗan The Matrix, kuma Michelle Yeoh ma tana ciki. Yawancinmu a nan muka fara jin kalmar tai chi, shi ya sa muka ɗauke ta a matsayin wani sirrin duka da jarumi yake koyowa kafin ya gama da bos.

To, tai chi na gaske ba shi da wannan saurin. In ka ga masu yinsa da sassafe a wuraren shaƙatawa na ƙasar Sin, galibi dattawa, sai ka rantse an saka bidiyon a sulo. Kuma wannan sanyin jikin da zai sa ka ce "wannan ai ba motsa jiki ba ne", shi ne ya ja hankalin likitoci.

Zhang Sanfeng ɗin da Jet Li ya fito a matsayinsa, labarinsa ya fi kama da almara. Masana tarihi sun fi jingina wasan ga wani tsohon soja, Chen Wangting, a ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan, a ƙarni na 17. Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, shi ya kai shi Beijing, kuma salon gidansu ne ya fi yaɗuwa a duniya. A 1956 gwamnatin Sin ta fitar da gajeren tsari mai motsi 24 don kowa ya iya koya, sannan UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya a 2020. Sunayen motsin ma kamar sunayen waƙoƙi suke: akwai na raba gezar dokin jeji, akwai na kaɗa hannu kamar gajimare.

Yanzu maganar ƙwaƙwalwa. Tsayuwar da kake yi ba ka faɗi ba, aiki ne da ƙwaƙwalwa take yi ba dare ba rana. Tana karɓar saƙo daga ido, da cikin kunne, da tafin ƙafa da gaɓoɓi, sai wani sashe nata da ke ta wajen ƙeya ya haɗa su ya daidaita ka. In kana tafiya da sauri, saurin ne yake rufa maka asiri. Amma ka gwada ɗaga ƙafa ɗaya ka kai ta gaba a hankali ƙwarai, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyinka duk a kan ɗaya ƙafar. Nan da nan za ka ji kana tangaɗi. Wannan tangaɗin shi ake horarwa. Ga kuma haddace jerin motsi: wane hannu ne zai hau, wace ƙafa ce za ta biyo, yaushe za a saki numfashi. Duk wanda ya taɓa zama koyon takun rawar wata waƙar fim ya san kai ma gajiya yake yi, ba ƙafa kaɗai ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana kan maganar faɗuwar tsofaffi. Wani mai bincike a jihar Oregon ta Amurka, Fuzhong Li, ya gwada mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama, aka buga sakamakon a 2018. Cikin wata shida, waɗanda suka yi tai chi sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin ɗari in aka kwatanta da masu miƙe jijiyoyi kawai, da kashi 31 in aka kwatanta da masu haɗa atisaye iri-iri. Kada ka raina wannan. Wanda ya taɓa jinyar kakarsa bayan ta zame ta karye a ƙugu ya san sau da yawa daga wannan kwanciyar ba a sake miƙewa sosai. Kafin nan, a 2012, shi dai Li ya gwada masu cutar Parkinson su 195, cutar karkarwar nan da Muhammad Ali ya yi fama da ita. Awa ɗaya, sau biyu a mako, har mako 24, kuma 'yan tai chi suka fi sauran rukunonin biyu daidaituwar tsayuwa. Ba warkar da cutar ya yi ba fa, a lura.

Binciken da mutane suka fi yayatawa shi ne na Shanghai, shi ma na 2012. An raba dattawa 120 gida huɗu: 'yan tai chi, masu tattaki, masu zaman hira, da waɗanda aka bari haka nan. Bayan mako 40 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI, aka ga ta 'yan tai chi ta ɗan ƙara girma, kuma sun ƙara ƙoƙari a gwajin tunani da riƙe abu. Abin da ya ba ni dariya, su ma 'yan hirar tasu ta ƙaru. Ashe zaman majalisa ba zaman banza ba ne! A ganina dai mutum 30 a kowane rukuni sun yi kaɗan a ce an gama magana, don haka duk wanda ya ce maka tai chi rigakafin ciwon mantuwa ne, ya wuce gona da iri.

A sauran jiki kuwa, wani gwaji na 2016 a Boston a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa ya nuna tai chi ya rage zafi daidai da atisayen da ake ba mutum a asibiti. Wani kuma na 2024 a Sin, a kan mutum 342 da jininsu ya fara hawa, ya nuna bayan shekara guda 'yan tai chi sun ɗan fi masu atisayen gudu da keke saukar jini. Dogon numfashin da ake ja a hankali yana kwantar da bugun zuciya, shi ya sa da yawa suke cewa suna samun natsuwa da barci. Amma mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya fara wannan.

Na san wani zai tambaya: yaya batun "chi", ƙarfin nan da ake harbawa daga tafin hannu? Duk binciken da na kawo babu wanda ya auna shi. Faɗuwa aka ƙirga, jini aka gwada, hoto aka ɗauka. Faɗan kuma, a 2017 wani ɗan damben zamani, Xu Xiaodong, ya kara da wani mai kiran kansa gwanin tai chi a Chengdu, ko minti ɗaya ba a yi ba ya kai shi ƙasa.

In kana son fim ɗin da ya nuna abin kusa da yadda yake, nemi Pushing Hands na 1991, fim ɗin farko na Ang Lee, labarin wani tsohon malamin tai chi da ya koma gidan ɗansa a Amurka suka kasa jituwa da surukarsa Baturiya. In kuma duka kake so, ga Man of Tai Chi na Keanu Reeves, 2013. Mai son gwadawa ba ya buƙatar komai sai fili kamar faɗin tabarma biyu da takalmi marar tudu, kuma darussan motsi 24 ɗin cike suke a YouTube. In Baba ko Hajiya za ka koya wa, a fara kusa da bango ko kujera, yadda za su samu abin dafawa.