Latrell Mitchell: ɗan Aborijin da ya yi suna a wasan zari-ruga na Ostireliya

Latrell Mitchell ɗan wasan zari-ruga ne na ƙasar Ostireliya. An haife shi ran 16 ga watan Yuni na shekarar 1997 a Taree, wani ƙaramin gari mai nisan wajen kilomita 300 arewa da birnin Sidni. Ya ci kofin ƙasa sau 2 tun yana da shekara 22, ya kuma ci kofin duniya a 2022. A ƙasarsa an san shi da abu biyu: ƙarfi da gudu a fili, da kuma ƙin yin shiru in an zage shi saboda asalinsa.

Asalinsa

Mitchell ɗan Aborijin ne, wato mutanen da ke zaune a Ostireliya dubban shekaru kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. Danginsa sun fito daga al'ummomin Biripi da Wiradjuri. Bayan zuwan Turawa an ƙwace musu filaye, kuma an daɗe ana raba yara da iyayensu da ƙarfin hukuma. Sai a 2008 firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a gaban majalisa kan wannan ɗibar yara. Yau ƴan asalin ƙasar ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'a ba, amma a babbar gasar zari-ruga sun wuce kashi 10 cikin 100 na ƴan wasa.

Wasa gado ne a gidansu. Dangi ɗaya suke da Evonne Goolagong Cawley, wadda ta ci gasar tanis ta Wimbledon a 1971 da 1980. Yayansa Shaquai shi ma ya buga zari-ruga, har sun yi wasa tare a ƙungiya guda.

Yadda ake wasan

Zari-ruga iri biyu ne: akwai na mutum 15, akwai na mutum 13. Na mutum 13 ɗin Mitchell ke bugawa, kuma babbar gasarsa ita ce NRL. Ƙwallon dogo ne kamar ƙwai, da hannu ake ɗauka a ruga da shi, kuma ba a miƙa wa abokin wasa sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya dire ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya samu maki 4, in an buga ya bi tsakanin sanduna a ƙara 2. Masu tsaro kuwa kama mutum suke yi su kada shi ƙasa. In an kada ƴan ƙungiya sau 6 ba su ci ba, ƙwallo ya koma hannun ɗaya ɓangaren. Minti 80 ake yi, kuma raunuka ba su da wuya.

Tashensa a Sydney Roosters

Ya faro wasa yana yaro a ƙungiyar garinsu, Taree Red Rovers, daga nan Sydney Roosters ta ɗauke shi. Ya shiga gasar NRL a farkon kakar 2016 yana da shekara 18, a matsayin mai tsaron baya. Daga baya kocin ƙungiyar, Trent Robinson, ya matsar da shi layin masu kai hari, kuma a nan ne tauraronsa ya haska.

A 2018 abubuwa uku suka zo masa a jere. Ya buga wa jiharsa New South Wales a State of Origin, wasanni 3 da take karawa da Queensland kowace shekara, suka yi nasara 2 da 1. Roosters ta doke Melbourne Storm 21 da 6 a wasan ƙarshe, shi ma ya dire ƙwallo ɗaya. Sannan aka kira shi ƙungiyar ƙasa. A 2019 suka sake ɗaukar kofin bayan doke Canberra Raiders 14 da 8, kuma shi ne ya fi kowa tara maki a gasar ta shekarar. A lokacin, rabon da wata ƙungiya ta ci kofin sau biyu a jere tun 1993.

Komawa Rabbitohs

A farkon 2020 ya koma South Sydney Rabbitohs, tsohuwar abokiyar hamayyar Roosters tun 1908. A lokacin cibiyar ƙungiyar tana unguwar Redfern, inda Aborijin suka daɗe da zama a Sidni. Can ya koma tsaron baya, gurbin da yake so. To amma tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Ciwon cinya ya katse masa kakar 2020. A watan Agusta na 2021 ya bangaji tsohon abokin wasansa Joseph Manu har ƙashin fuskarsa ya karye, aka dakatar da shi wasa 6. Haka ya zama ɗan kallo ranar da Penrith ta doke ƙungiyarsa 14 da 12 a wasan ƙarshe.

Ya huce haushi a Ingila. Ran 19 ga watan Nuwamba na 2022, a filin Old Trafford, Ostireliya ta doke Samoa 30 da 10 ta ɗauki kofin duniya, Mitchell ya dire ƙwallo sau 2.

Wariyar launin fata

A 2019 yana cikin ƴan wasa Aborijin da suka ƙi rera taken ƙasa kafin wasan State of Origin, suna ganin taken bai yi la'akari da tarihin kakanninsu ba. Wasu suka yaba, wasu suka yi ta suka. Ran 1 ga watan Janairu na 2021 gwamnati ta canza kalma ɗaya a cikin taken, wadda ke nuna ƙasar sabuwa ce.

Zagin da ake aiko masa ta intanet bai ɓoye shi ba, fiddo shi fili yake yi. A 2021 ya kai ƙara, ƴan sanda suka kama mutum 2 aka tuhume su. A watan Maris na 2023 wani matashi ɗan kallo ya zage shi da kalmar wariya a filin Penrith, aka fitar da shi daga filin. Masu sukarsa na cewa yana da zafin kai, dakatarwar da ya sha ita ce hujjarsu. Magoya bayansa kuwa na ganin ana tsananta masa fiye da sauran ƴan wasa domin ba ya sunkuyar da kai.

Wajen fili

Mitchell ya sha buga wa Indigenous All Stars, ƙungiyar zaɓaɓɓun ƴan asalin ƙasa da aka kafa a 2010. Yana bin sawun Arthur Beetson, ɗan Aborijin na farko da ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa, a 1973. A 2023 NRL ta ba shi lambar Ken Stephen, wadda ake bai wa ɗan wasan da ya yi fice wajen yi wa al'umma aiki. Bai kuma yanke da ƙauye ba: yana da gona da shanu kusa da Taree, can yake komawa in an tafi hutu.