Lauyan da Ya Mayar da Kotu Fagen Labari

Kafin shekarun 1930, jarumin labarin binciken laifi a Amurka yawanci ɗan sanda ne ko mai bincike mai zaman kansa. Lauya galibi ɗan rakiya ne kawai. Erle Stanley Gardner na cikin waɗanda suka sauya wannan, kuma a zauren shari'a ya samo dabararsa. Ya zama lauya a jihar Kalifoniya a 1911, ya yi shekaru a garin Oxnard yana kare talakawa, musamman baƙi 'yan ƙasar Sin. A nan ya ƙware wajen titsiye shaida da tambayoyi har asirin maƙaryaci ya tonu. Da ya ƙirƙiro lauya Perry Mason a 1933, wannan titsiyen ne ya zama ƙashin bayan littattafai sama da 80.

Masu suka kan ce ai shari'ar gaskiya ba haka take ba: da wuya mai laifi ya fashe da ikirari a gaban alƙali. Da gaskiyarsu, Gardner ya ƙara gishiri, kuma rubutunsa na gaggawa ne, tunda shifta yake yi wa sakatarorinsa. Amma abin da ya fi damunsa, wato tuhumar marar laifi bisa gurguwar shaida, ba ƙage ba ne. Shi ya sa a shekarun 1940 ya kafa Court of Last Resort, inda ƙwararru suka riƙa sake bin diddigin shari'un fursunonin da ake zaton an zalunta, har aka saki wasunsu.