Na'urar farfaɗo da zuciya a gida: Me bincike ya nuna?

Akasarin mutanen da zuciyarsu ke tsayawa farat ɗaya a wajen asibiti, a gida abin yake samunsu. A Amurka, kimanin kashi 70 cikin ɗari na irin wannan lamari a cikin gida yake aukuwa.

Wannan ne ya sa likitoci suka daɗe suna nazarin ko ya dace masu ciwon zuciya su ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a gida, a kuma koya wa iyalansu yadda ake sarrafa ta.

Mene ne tsayawar zuciya?

Tsayawar zuciya daban take da toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, ko da yake toshewar kan haddasa ta.

Wani ɗan ƙarfin lantarki da ke cikin zuciya ne yake tsara bugunta. Idan tsarin ya rikice, sai zuciyar ta riƙa karkarwa maimakon ta harba jini. Nan take mutum zai faɗi a sume, numfashinsa ya ɗauke ko ya koma kakari.

Masana sun ƙiyasta cewa idan ba a taimaka masa ba, damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowane minti guda.

Yaya na'urar take aiki?

Na'urar, wadda ake kira AED a taƙaice, ba ta wuce girman ƙaramar jaka ba, kuma da batir take aiki. Ana manna faifanta biyu a ƙirjin mara lafiya, ɗaya a sama ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata.

Ita da kanta take auna bugun zuciyar, tana ba da umarni da murya. Ba ta sakin wuta sai ta gano irin rikicewar da wutar ke iya gyarawa. Wutar tana katse karkarwar ne, domin zuciyar ta samu damar komawa bugun da ta saba.

Wani likita a Belfast, Frank Pantridge, shi ne ya fara sanya irin wannan na'ura a motar ɗaukar marasa lafiya a tsakiyar shekarun 1960. Nauyinta ya kai kilo 70, kuma da batirin mota take aiki.

A shekara ta 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa sayar da samfurin HeartStart na kamfanin Philips ga jama'a ba tare da takardar likita ba.

Me ake koya wa iyali?

Da farko ana koya musu gane alamar. Wanda ya faɗi, ba ya amsa kira, kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a ɗauka zuciyarsa ta tsaya.

Sai a kira ma'aikatan agajin gaggawa, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Dannawar ce take tura jini zuwa ƙwaƙwalwa kafin a kawo na'urar.

Ana buɗe ƙirjin a goge gumi ko ruwa kafin a manna faifan. Kada kowa ya taɓa mara lafiyar lokacin da na'urar take aunawa ko sakin wuta. Da ta gama, a ci gaba da danna ƙirji har agaji ya iso.

Ana kuma jan hankalin iyali su ajiye ta inda kowa ya sani, ba a cikin akwati mai kwaɗo ba, su riƙa duba batir da faifan, domin suna da wa'adi.

Shin tana rage mace-mace?

An wallafa bincike mafi girma a kan wannan batu a shekara ta 2008 a mujallar New England Journal of Medicine. Ya ƙunshi mutane 7,001 a ƙasashe bakwai, ciki har da Amurka da Birtaniya da Ostiraliya, waɗanda duk sun taɓa fama da toshewar jijiyar zuciya.

An koya wa dukkan iyalan dabarar danna ƙirji, amma rabinsu ne kawai aka ba na'urar. Bayan kimanin shekaru uku, kashi 6.4 cikin ɗari na masu na'urar sun rasu, yayin da a ɗaya rukunin adadin ya kasance kashi 6.5, wato kusan babu bambanci.

Ba gazawar na'urar ba ce. Daga cikin mutane 117 da zuciyarsu ta tsaya suka rasu a gida, 58 ne kawai abin ya faru a gaban wani. An yi amfani da na'urar a kan marasa lafiya 32, ta saki wuta ga 14, huɗu kuma suka rayu har aka sallame su daga asibiti. Ba a samu inda ta saki wuta bisa kuskure ba.

To, wa ya kamata ya mallake ta?

Ga waɗanda ke cikin haɗari sosai, likitoci sun fi ba da shawarar a dasa musu wata ƙaramar na'ura a ƙirji, wadda take aiki da kanta ko da suna barci. Irinta aka dasa wa ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Denmark, Christian Eriksen, bayan an farfaɗo da shi a filin wasa a Kofanhagan a watan Yunin 2021.

Ta gida kuwa, shawara ce tsakanin mara lafiya da likitansa. Amfaninta ya dogara ne a kan samun wani a kusa wanda ya gane alamar, ya fara danna ƙirji, ya kuma ɗauko na'urar cikin mintuna kaɗan na farko.