Masallacin Juma'a na Yama

Masallacin Yama babban masallaci ne na ginin ƙasa da ke ƙauyen Yama, a yankin Illela na jihar Tawa, cikin ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar. Wanda ya taso daga Dogondutsi ya bi ta Birnin Ƙonni ya miƙa arewa zuwa Tawa, a wajajen Badagishiri zai ratse ya same shi. An fara gininsa a 1962, bai kuwa ɗauki siffar da aka san shi da ita yau ba sai a 1982.

Kafin 1962 ƙananan masallatan unguwa ne kawai a garin. Da dattawa suka yanke shawarar a yi na Juma'a, sai suka ɗora aikin a wuyan Falke Barmu, ɗan garin, manomi kuma magini, wanda a bakin aiki ya koyi sana'ar. Gayya aka yi. Wasu suka kwaɓa ƙasa da ciyawa suka buga tubali, wasu suka yi ta jigilar ruwa, wasu suka shiga daji neman itace. Abin da ya tashi a karon farko ba shi da ado: ɗakin salla mai kusurwa huɗu, ginshiƙai jere a ciki suna ɗauke da shimfiɗaɗɗen rufi, sai mihrabi da ya turo waje ta bangon alƙibla.

A 1975 rufin ya buƙaci gyara, kuma a nan ne gwanintar Barmu ta fito fili. Maimakon ya mayar da rufin yadda yake, sai ya ɗaura bakan gizo daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ya tayar da ƙubba a tsakiya. Bakan gizo tsohuwar fasaha ce ta maginan Hausa: a binne itace cikin ginshiƙi, a riƙa ɗaura wani bisa wani yana ɗan karkatowa, har na dama ya haɗu da na hagu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Da ita Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Amma na Zariya aikin birni ne, da sarki a bayansa. Na Yama talakawa ne suka tsaya masa da guminsu, kuma wannan kaɗai ya isa a jinjina musu.

Tsakanin 1978 da 1982 aka ƙara hasumiyoyi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace tana da kauri a gindi, tana tsukewa hawa-hawa har ta ƙare da tsini, amma tsarin tagoginta da zanen jikinta nata ne ita kaɗai. Su ne baƙo ke fara hangowa, su ne kuma suka fi fitowa a hotunan da suka yaɗa sunan garin. Kaurin bangon yana tare zafin rana, shi ya sa cikin masallacin ke da sanyi ko a bazara.

A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine, a zagaye ɗaya da aikin gyaran Masallacin Ƙudus. Shekara uku kafin nan masallacin Niono na ƙasar Mali, shi ma na ƙasa, ya karɓi irin wannan lamba.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Kowace damina tana zaizaye wani abu, in ba a bi da sabon yaɓe ba, aka kuma bar indararo ya toshe, bango kan tsage. Wannan wahala ce ta sa garuruwa da yawa suka rushe nasu suka koma siminti da kwano, abin da ya jawo asarar gine-ginen da ba za a iya maimaita su ba. A Dandaji, ita ma a jihar Tawa, an bi wata hanya: a 2018 masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci na tubalin ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma aka kira maginan gargajiya suka gyara shi, aka mayar da shi ɗakin karatu.