A saurari baƙo kafin a kore shi: tarihin wata kalma a dokar Amurka

A farkon watan Yuli na 2025, jirgin sojan Amurka ya sauke mutum takwas a Juba, babban birnin Sudan ta Kudu. Ɗaya ne kaɗai ɗan ƙasar. Sauran sun fito daga wurare irin su Kuba, Meksiko, Laos, Miyanma da Biyetnam. Kotuna sun riga sun same su da manyan laifuka, wannan babu gardama. Tambayar da ta tsaya mini, ni mai koyar da tarihi, ita ce: ya halatta a jefa mutum ƙasar da bai taɓa takawa ba, ba tare da an ji ta bakinsa ba? Amurkawa sun fi shekara ɗari suna wannan muhawara.

Tushenta kalma ɗaya ce. A 1791 aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyara na biyar, wanda ya hana a raba mutum da ransa, ko ƴancinsa, ko dukiyarsa, sai an bi matakan shari'a. Waɗanda suka rubuta shi "mutum" suka ce, ba su ce "ɗan ƙasa" ba.

Ƴan Sin ne suka fara gwada ƙarfin kalmar. A 1882 aka hana leburorinsu shiga ƙasar, a 1892 kuma aka tilasta wa waɗanda ke ciki riƙe takardar zama. A 1893 kotun ƙoli ta goyi bayan gwamnati, ta ce kora ba horo ba ce, ikon ƙasa ne. Amma a 1896, a shari'ar Wong Wing, ta ce ba a ɗaure baƙo da aiki mai tsanani sai an yi masa cikakkiyar shari'a.

Sai labarin Kaoru Yamataya, budurwa ƴar Japan da ta sauka a Siyatil a 1901. Kwanaki kaɗan bayan isowarta, jami'in shige da fice ya yanke cewa ba za ta iya riƙe kanta ba, za ta zama kaya ga gwamnati, don haka a kore ta. An yi mata tambayoyi da Turancin da ba ta ji, ba ta da lauya, ba ta ma gane abin da ake bincike a kai ba. A 1903 kotun ƙoli ta kafa ƙa'ida: baƙon da ya riga ya shiga ƙasa, ko da ana cewa ba bisa doka ya shiga ba, ba a korarsa sai an ba shi damar kare kansa. Abin takaici, kotun ta ce tambayoyin da aka yi mata sun wadatar, ta faɗi shari'ar. Ƙa'ida ta tsaya, mai ƙara ta rasa. Tun ranar ake jayayya kan abin da ya cancanci a kira sauraro.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka ƙara wani shinge. Yarjejeniyar ƴan gudun hijira ta 1951, da ta hana azabtarwa ta 1984, sun hana a tura mutum inda ransa ke cikin haɗari ko inda za a gana masa azaba. To ta yaya hukuma za ta san da haɗarin idan ba ta tambayi mai shi ba?

Nan ne rikicin 2025 yake. Dokar Amurka ta daɗe da yarda a kai baƙo wata ƙasa idan mayar da shi tasa ya faskara. A watan Afrilu, alƙali Brian Murphy na birnin Bostan ya ce a sanar da mutum inda za a kai shi, a ba shi lokaci ya faɗi tsoronsa. Ranar 23 ga Yuni kotun ƙoli ta dakatar da umarninsa ba tare da bayani ba, alƙalai uku suka ƙi amincewa. Bayan mutanen Juba, an kai wasu Eswatini da Ruwanda. A Satumba Gana ta karɓi ƴan Afirka ta Yamma 14, lauyoyi kuma suka ce an wuce da wasunsu ƙasashen da alƙalan Amurka suka hana a mayar da su.

Mu a Nijar ba sai an ba mu labari ba. Aljeriya na zube mutane cikin hamada, kimanin kilomita 15 daga Assamaka, su tako da ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da 30,000 a 2024, da yawansu ƴan Mali ne, da Gini, da wasu ƙasashe. Alhali yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, a sashe na 12, ta haramta korar baƙi jimla guda.

Kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta, ban musa ba. Amma sauraro ne ke rarrabe mai laifi da wanda aka kama bisa kuskure, da mai takarda da maras ita. Idan aka soke shi, ko ɗan ƙasa ba shi da wurin da zai nuna shaidarsa.

Ƴan'uwana malamai, mun san ba a korar yaro daga makaranta sai majalisar ladabtarwa ta zauna, an kira iyayensa, an ji ta bakinsa. Daga nan za mu fara koyar da wannan darasi, domin cikin yaran da ke gabanmu akwai waɗanda gobe za su zama baƙi a ƙasar wani. Iyaye kuma ku yi wa ƴaƴanku takardar haihuwa tun da wuri, ku koya musu cewa ba a sa hannu kan takardar da ba a gane ba, kuma neman tafinta da lauya ba rashin kunya ba ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.