Mita Biyun Ƙarshe: Yadda Wayar Wuta Ta Zama Haja Mai Tsada

A shekarar 1979 wani injiniya Ba'amurke, Noel Lee, ya fara sayar da wayoyin sifika masu kauri a San Faransisko da sunan Monster Cable. Kafin lokacin, dillalai kan haɗa wa mai saye 'yar siririyar waya kyauta, ba wanda ya ɗauke ta haja. Lee ya shawo kan masoya kiɗa cewa waya ma tana da tasiri a kan sauti, kuma da kasuwar ta buɗe, sai hankali ya koma bango: wayar da ke ɗauko wuta daga soket, da akwatunan da aka ce suna tace wutar. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin PS Audio ya fito da Power Plant, na'urar da ke karɓar wutar gida ta sake samar da ita.

Injiniyoyi da yawa ba su gamsu ba. Wutar ta ratso kilomitoci na wayoyin kamfanin lantarki, da taransifoma, da wayar cikin bango, to ta yaya mita biyun ƙarshe za su gyara ta? Ballantana kowace amfilifaya tana da sashen da ke mayar da wutar bango mai kai-da-komo zuwa mai tafiya hanya guda, ya kuma tace ta kafin ta isa ga kiɗan.

A 2004 aka gwada maganar a Kalifoniya. Jason Victor Serinus, marubuci wanda shi kansa ya yarda da tasirin wayoyin, ya tara masu sauraro aka kwatanta wayar Nordost Valhalla mai tsadar dubban daloli da wayar gama-gari, ba tare da sun san wadda aka jona ba. Cikin amsoshi 149, guda 73 ne suka dace, wato kashi 49 cikin ɗari. Mai canki-in-canka ma abin da zai samu ke nan.

Akwatin tace wuta kuwa hukuncinsa daban ne. Inda wuta ke hawa da sauka, ko firij ke jefa ƙara cikin sifika duk sanda ya tashi, yana da aikin yi. Wanda ya taɓa rasa talabijin a Kano saboda an dawo da wuta da ƙarfi ya san amfanin stabilaiza. Sai dai aikinta kare na'ura ne daga ƙonewa, kuma masu tallar akwatunan can Amurka zaƙin sauti suke yi wa mai saye alkawari.