Barcin Rana Tsaka: Sabon Rai Don Kowa da Kiran Tuba a Ikkilisiyoyin Arewa

A shekarar 1930 titin jirgin ƙasa da ya taso daga Kano ya isa Nguru, bayan ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Gyaɗa aka shimfiɗa shi ya ɗauka, amma ya zo da mutane: akawuna da ma'aikatan reluwe daga Kudu, da yawansu Kirista, waɗanda suka riƙa sujada cikin harsunansu, a tsakaninsu. Su kuwa Turawan mishan, gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taka musu birki a ƙasashen sarakuna, saboda alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba. Sai wajen 1937 aka buɗe wa mishan ɗin SIM ƙofa ta hanyar jinyar kutare, a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Shi ya sa har yau majami'un masarautar Gumel, daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar, ƙanana ne. Mai karatu zai iya zaton cewa ƙaramar ikkilisiya mai zaune cikin rinjayen wani addini ba ta da sararin gyangyaɗi. Tarihin Arewa bai goyi bayan wannan zato ba.

Zuriyar farko ta sayi bangaskiyarta da tsada. Cikin samari uku da suka fara aikin SIM a 1893, biyu ba su ga ƙarshen 1894 ba: Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent a Bida. 'Yan ƙasa da suka tuba a farkon lamarin, wasu sun rasa gado, wasu mata, wasu ma gari. Amma abin da uba ya samu da hawaye, ɗa yakan tarar da shi a ɗaka kamar tabarma. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. A 1954 aka kafa ECWA, a 1955 kuma ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan ɗin SUM suka haɗu cikin tarayyar da ake kira TEKAN a yau. Ga makarantu, ga asibitoci, ga 'ya'yan masu bi sun zama malamai da ma'aikatan gwamnati. Sunan baftisma ya koma shaidar ilimi. Wa'azi kuwa aka sallama wa fasto da mai bishara, tunda su ake biya.

Ba wai an daina maganar zunubi ba ne. Dattawan ikkilisiya suna sa mutum ƙarƙashin horo, a hana shi jibin Ubangiji, ya koma bencin baya. Sai dai laifuffukan da horon ya fi kamawa su ne waɗanda ido ke gani: burukutu, ƙarin mata, cikin da ba aure. Girman kai da ƙabilanci da halin ko-in-kula ba su da benci. A ganina nan ne ciwon ya yi sheƙa, domin wanda bai taɓa zama a baya ba sai ya ɗauka ba shi da abin tuba. Irin wannan hali ne wasiƙar da aka rubuta wa ikkilisiyar Lawudikiya, cikin sura ta uku ta Wahayin Yahaya, ta tsawata a kai. Birnin nan mai arziki ne ƙwarai, har da girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60 ya sake gina kansa ba da taimakon Roma ba.

Abin da ya girgiza ikkilisiyoyin Arewa ya zo ta fuska biyu. Daga 1963 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya shiga rangadin musuluntar da jama'a a yankunan da mishan ke ɗauka gonarsu ce. A daidai wannan lokaci wani ɗan mishan na SIM, Gerald Swank, da wasu shugabannin ikkilisiya suka yi nazarin wani shiri da Kenneth Strachan ya gwada a Nikaraguwa a 1960, wanda jigonsa shi ne cewa ikkilisiya ba ta yaɗuwa sai kowane mai bi ya zama mai shaida. Daga nan aka haifi Sabon Rai Don Kowa, aka fara shi a lardin Zariya a 1964.

Tsarin shirin shi ne abin lura. Ba a fara da fita kasuwa da ganga ba. An fara da tara shugabanni, sannan ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, sannan koyarwa daga ɗan littafin jagora, kafin a kai ga bi gida-gida. Wato kiran tuba ya fara sauka ne a kan waɗanda suka riga suka yi baftisma, har da masu wa'azin kansu. Wanda ke gaba da ɗan'uwansa ba shi da bakin ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Ɗarikun da a da ba sa ga maciji da juna suka zauna a tabarma ɗaya, manoma da matan zumunta da ba su taɓa hawa bagade ba suka fita ƙauyuka a ƙafa da kan keke. Shirin ya bazu zuwa Filato da Binuwai, ya ƙetare har wasu ƙasashen Afirka. Da rikicin 1966 da yaƙin basasa suka kwashe 'yan Kudu daga garuruwan titin jirgi, nauyin majami'u da yawa ya faɗo kan masu bi 'yan Arewa, kuma an riga an koya wa da dama daga cikinsu tsayawa da ƙafarsu.

Farkawar ba ta zauna ba. Tun a 1972 sai da wata ta sake tashi a makarantun Gindiri, inda ɗalibai, 'ya'yan masu bi, suka riƙa furta zunubansu a fili. Shekara takwas ke nan kacal.

Shi kansa Sabon Rai bai mutu ba, hedkwatarsa tana Jos. Amma shirin da aka ƙirƙiro don a kawar da bambanci tsakanin masu aikin bishara da 'yan kallo, a majami'u da yawa ya koma ƙungiya guda cikin jerin ƙungiyoyi, da anko ɗinta da gangunanta da ma'ajinta. Ran Lahadi sakatare yakan kira ta bayan zumuntar mata, kafin mawaƙa, ta fito ta yi waƙarta, sauran jama'a suna tafi daga inda suke zaune.